Lesin ɗin Faransanci da nake zuwa a Samaru

Wata uku kenan ina zuwa wani lesin na Faransanci a Samaru, Asabar da Lahadi bayan la'asar, saboda ina saro kaya a Kwatano kuma na gaji da biyan tafinta.

Malamin dai ya iya, wallahi ya iya. Ranar da muka zo kan plier, wato naɗewa, ni na ɗauka je plie, tu plies za mu haddace mu watse, sai kawai ya ɗau alli ya rubuta plicare, ya ce wannan kalmar Latin ce, wato harshen mutanen Rum na da, ita ta haife su duka, daga nan Faransanci ya samo plier, Italiyanci ya samo piegare, duk naɗewa suke nufi. To amma a bakin mutanen Sifen ta koma llegar, a Fotugal chegar, wato isowa, a Romaniya kuma pleca na nufin tashi a bar wuri. Kalma ɗaya fa, nan isowa can tafiya! Ya ce bayanin da aka fi yi shi ne Sifen da Fotugal mutanen teku ne, jirgi in ya iso gaɓa sai a naɗe ƙyallen da iska ke tura shi da shi, ita kuwa Romaniya sojojin Rum ne suka ci ƙasar a shekara ta 106 zamanin sarkinsu Trajan, soja kuma in ka ga ya naɗe tanti to tafiya ce. Wani dattijo a bayana ya ce ai malam mu ma in an ce wane ya naɗe tabarmarsa an san ya kama gabansa, kuma baƙo sauka yake yi ko da a ƙafa ya zo, ba doki ba raƙumi. Malam har tafa masa ya yi.

Matsalar ita ce irin wannan labarin kan cinye rabin lokaci, ni kuma ciniki ya kawo ni, har yau lissafin sefa in ya kai quatre-vingt-dix, wato casa'in, sai kaina ya kulle. Ga ɗakin da zafi, fanka ɗaya, in an ɗauke wuta kowa littafinsa ne mafici.

Ɗaliban ABU za su ji daɗinsa sosai. Ɗan kasuwa irina gara tun ranar farko ya ce wa malam a fara da ƙirga.