Sola ta yi mini rana, batiri ne ya ba ni kunya

Wata goma sha huɗu ke nan da na sa sola a gida. In don faifan da ke kan rufi ne, ba ni da abin faɗa sai alheri. Guda huɗu ne, kowanne wat 300, kuma tun da aka kafa su ban sake jan igiyar janareta da rana ba. Yara sun huta da hayaƙi, ni na huta da sayen mai. Ƙura ce kawai ba sa so, in aka yi sati biyu ba a goge su ba sai caji ya ja baya.

Batirin kuwa, wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mai ruwan asid na ɗauka saboda ya fi araha, guda biyu, kowanne volt 12, Ah 200 (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke riƙewa). Wanda ya haɗa mini ya buga lissafi a takarda, ya ce jimillar wutar da za su adana wat-awa 4,800 ne, firiji da fankoki za su kwana a kai lafiya lau. Abin da ya ɓoye mini shi ne, irin wannan batirin ba a shan fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Ashe 2,400 ne nawa, kullum kuma ina tatse shi har ƙasa ban sani ba.

A wata na tara, wani dare da ba wuta, wajen ƙarfe biyu sai na ji inbata, wato na'urar da ke mayar da cajin batiri wutar gida, tana ƙara, kafin in miƙe ta ɗauke. Ba fanka ce ta dame ni ba. Insulin ɗin mahaifiyata, wato allurar ciwon sukari, na wata uku yana cikin firijin, takardarsa kuma ta ce a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Janaretan ya daɗe a ajiye, na ja na ja ya ƙi tashi. Haka na kwashi maganin na je ina buga wa maƙwabcina ƙofa cikin dare, ita kuma tana zaune bakin gado tana cewa in yi haƙuri ta ɗora mini wahala. Wannan maganar tata ta fi komai yi mini ciwo.

Kwana uku ina kiran mutumin da ya haɗa mini bai ɗaga ba. Da ya ɗaga sai ya ce ni na yi wa batirin lodi. Wani mai gyara da na kawo ya gwada su, ya ce sun gaji, ga shi an cusa su a sito mara iska, zafi kuwa yana cin ransu da wuri.

Na daure na sayi na lithium, irin LiFePO4, volt 24, Ah 100. Shi ana iya shan kashi 80 cikin 100 ba fargaba, don haka guda ɗayan nan yana ba ni kusan abin da biyun can ya kamata su bayar. Wata biyu yanzu firiji bai mutu ba ko sau ɗaya, Alhamdulillahi. Duk wanda ya tambaye ni zan ce ya sa sola, amma ya rage faifai in ya zama dole, kada ya tsuke hannu a batiri.

Sai dai kuɗin batiri sau biyu na biya cikin shekara guda. Tsofaffin suna nan jingine a bayan ƙofa, takardar garantin tana hannuna, wanda ya haɗa mini kuma har yau cewa yake zai zo gobe.