Daga Ajantina: Garin Yahudawa Makiyaya

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan su Inna da yara duk suna lafiya. Ka ce in ba ka labarin kasuwar nan da yadda ake samun kayan masarufi. Gonar shanun da nake aiki tana lardin Santa Fe, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Moisés Ville, kuma sai ka ji asalinsa kafin ka gane cinikinsu.

Yahudawa ne suka kafa shi, waɗanda suka gudo daga Podoliya, yankin da a lokacin yake hannun Rasha, yau kuwa yana cikin Yukren. Jirgin ruwa mai suna Weser ya sauke su a Buenos Aires cikin Agustan 1889, mutum sama da 800. Wani mai filaye, Pedro Palacios, ya sayar musu da ƙasa, ya yi alkawarin abinci da kayan noma, sai ga su an yasar a tashar jirgin ƙasa ba ci ba sha. Yara da yawa suka mutu. Wani likita, Wilhelm Loewenthal, shi ya gan su ya kai kukansu Turai, har attajiri Baron Hirsch ya kafa ƙungiyar da ta riƙa ba irinsu gona bisa bashi tun daga 1891. A 1908 manoman suka haɗa ƙungiyar gama kai, La Mutua Agrícola, domin su sayi iri da garma a tare, su kai amfanin gona kasuwa a tare, dillali bai ci guminsu ba.

Wannan tsarin ya bi jinin yankin. A Sunchales, nan kurkusa, makiyaya suka kafa babbar ƙungiyar madara ta SanCor a 1938. Da asuba muke tatsa da inji, madarar ta zuba cikin tanki mai sanyi, motar tanka ta zo ta auna ta kwashe. Ba mai yawo da ƙwarya a ka cikin rana yana fargabar nono ya lalace kafin ya samu mai saye. A shago kuma a leda ake sayar da ita, lita guda, ka yanke bakin ledar ka tsaya da ita cikin jug. Cuku kuwa har ya gundure ni.

Naman shanu ba sai da biki ba, lebura ma yana gasawa ranar Lahadi. Sai dai yankan halal ba ya samuwa a ƙauye, don haka nakan sayi rago in yanka da kaina. Gero babu. Garin masararsu, polenta, yana tuwo daidai gwargwado, amma miyar ce matsala. Shaguna sukan rufe da azahar sai la'asar, ko da kuɗinka a hannu. Tsada kuma kada ka ce mun tsira: a 2023 farashi ya tashi fiye da kashi 200 cikin ɗari.

Yahudawan sun ragu ƙwarai, 'ya'yansu sun yi boko sun koma birane. Dattawansu kan ce alkama suka shuka, likitoci suka girba. Majami'unsu da gidan wasan Kadima suna nan tsaye, baƙi na zuwa kallo.

In an samu mai tahowa, a aiko min da kuka da daddawa. A gaida Inna.