RX 580, GTX 1060 ko GTX 1650: wane tsohon kart grafik ya dace da mai wasa a Damagaram?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanenmu da ya yi tambaya jiya da dare ya ce yana da kwamfuta ta buro okaziyo, Core i5 da ram jiga 8, yana son ya sa mata kart grafik, wato abin da ke zana hoton wasa a ekaran, don ya buga FC 24 da GTA V da eFootball, kuma mai kaya ya ajiye mishi guda uku: RX 580 mai jiga 8, GTX 1060 mai jiga 6, da GTX 1650 mai jiga 4. Wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi cancanta da kuɗinshi? To ƙanena ga amsa, ka yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo, don maganar ba ta ƙarfi kaɗai ba ce a garin nan namu.

Ƙarfi dai bari mu gama da shi da wuri. GTX 1060 na Nvidia ya fito a 2016 kan dalar Amurka 249, RX 580 na AMD ya biyo shi a 2017 kan dala 229, kuma dama don su kara da juna aka yi su, wani wasan wannan ya ɗan wuce wani wasan wancan ya rama, in ba ka sa lamba a gefen ekaran kana kallo ba wallahi ba za ka bambanta su ba. GTX 1650 shi ne ƙaraminsu a shekaru, 2019 ya fito kan dala 149, amma kar sabuntarshi da girman lambarshi su ruɗe ka, a ƙasa yake da su biyun kuma tazarar ana ganin ta, ko RX 570 ma yana wuce shi a yawancin wasanni. Wasannin da ka lissafa duka ukun za su ɗauke su a 1080p. FC 24 mafi ƙarancin abin da kamfanin ya nema shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, ka ga kenan 1650 ya tsallake layin 1050 Ti amma ba da nisa ba, sai ka rage saiti, su kuma manyan biyun suna da sarari. GTA V na 2015 kuwa ba magana. In ranka ya biya Red Dead Redemption 2 watarana, GTX 1060 mai jiga 6 ne masu wasan suka rubuta a matsayin wanda suke ba da shawara, a nan 1650 zai fara haki saboda jiga 4.

Yanzu ga inda nake son ka buɗe kunne. RX 580 yana shan wat 185. GTX 1060 wat 120. GTX 1650 wat 75. Duk wutar da kart ya sha zafi take komawa, cikin akwatin kwamfutar sannan cikin ɗakinka, kuma ka san yadda Afrilu da Mayu suke mana, digiri 40 da wani abu a inuwa, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Masu gwada waɗannan kart a YouTube cikin ɗaki mai sanyi suke gwaji, shi ya sa suke cewa RX 580 ne sarkin araha, kuma a wurinsu gaskiya ne. A nan kart ɗin da iska mai zafi zai sanyaya kanshi, fankokin su yi ta ihu, in ya kai iyakar zafinshi sai ya rage gudu da kanshi don kar ya ƙone, sai ka ga wasa ya fara tsattsayawa ana tsakiyar mach, ƙarfin da ka biya kuɗi dominshi ya tafi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen sanyaya, wanda ya fi shan wuta shi ya fi jan iska kuma shi ya fi tara ƙura.

Ka yi lissafin kuran ma. Tsakanin 580 da 1060 akwai wat 65, in kana wasa awa 5 kullum a wata ya kusa kilowat-awa 10 na banza don ƙarfinsu ɗaya ne. In kuma da pano da batir kake aiki, ko kana dogara da ondilar lokacin da kuran ke tafiya yana dawowa, to wannan wat 65 ɗin shi ne bambancin ka gama wasanka ka kashe lafiya da kwamfuta ta mutu a hannunka.

Sai babbar tambayar da ba ka faɗa mana ba kuma ita za ta yanke hukunci: wace irin alimantasiyon, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, ke cikin kwamfutarka? Kwamfutocin buro irin su Dell OptiPlex da HP da suka cika gari, musamman siraran nan, yawanci wat 180 zuwa 240 ke gare su, kuma ba su da wayar nan mai baki 6 ko 8 da ake soka wa kart. Ramin da kart ke zama a jikin kart mer, babban allon da ake soka komai a kai, wat 75 kawai yake bayarwa. 1060 yana buƙatar waya mai baki 6, RX 580 mai baki 8 da alimantasiyon ta gaske wajen wat 500. Shi 1650 yawancinsu daga ramin kaɗai suke ci, ka soka ka kunna shikenan, akwai ma gajeru da aka yi musamman don siririn akwati. Don haka ka buɗe gefen kwamfutar ka karanta takardar da ke manne jikin alimantasiyon kafin ka fitar da ko jikka guda. Kuma don Allah in wani ya ce zai haɗa maka da ƴar wayar nan da ke juya SATA, bakin wutar disk, ta koma baki 6 ko 8 ka ce a'a, bakin SATA ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyin ba, narkewa yake yi, ni na ga kart mer da ta tafi ta wannan hanyar kuma mai ita yaro ne da ya daɗe yana tara kuɗin. Wasu Dell da HP ɗin ma ba a iya canja musu alimantasiyon cikin sauƙi don bakin wayarsu daban ne da na kowa.

Akwai kuma tarihin kayan. RX 570 da 580 su ne aka fi azabtarwa wajen haƙar kirifto, dare da rana shekara da shekaru, da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa a Satumba 2022 sai aka juye su kasuwa, shi ne dalilin arahar da kake gani, daga Sin su bi ta Legas da Kano su iso mana. Ba duka ne suka lalace ba amma da yawa fankokinsu sun gaji, wasu an canja musu BIOS, wato manhajar da ke cikin kart ɗin, don haƙa ba a mayar ba. Sannan akwai wanda ake kira RX 580 2048SP, an yi shi don kasuwar Sin, sunan 580 ne amma cikin na 570 ne, don ƙananan injunan lissafi 2048 gare shi, shi kuwa 580 na asali 2304 gare shi. Ba mugun kart ba ne, amma kuɗin 570 ya kamata ka biya. Bangaren Nvidia ma akwai tarko, 1060 mai jiga 3 ba memwar kawai aka rage mishi ba har injin, ƙananan injunan lissafi 1152 a maimakon 1280, kuma jiga 3 ta yi kaɗan yanzu, ka bar shi. In an nuna maka 1050 Ti ko 1060 kana ganin ramin VGA mai shuɗi a bayanshi ka yi shakka sosai, galibi tsohon GTS 450 ne aka sauya wa suna.

Maganar direba kuma, wato manhajar da ke sa kart ya yi aiki da kwamfuta, a nan 1650 ya ci su. Nvidia ta tsayar da sabbin direbobin wasa na jerin GTX 10, wanda 1060 ke ciki, a Oktoba 2025, gyaran tsaro kawai ya rage, AMD ma tun 2023 ta mayar da su RX 580 layin baya. Ba wai za su daina aiki ba ne, wasannin da ka ambata za su ci gaba da tafiya lafiya. Sabbin wasannin da ke tilasta ray tracing, sabuwar fasahar zana haske da inuwa, kuwa babu ko ɗaya cikin ukun da zai buɗe su, DLSS ma, dabarar Nvidia ta ƙara gudun wasa, babu, sai takwaranshi FSR na AMD wanda yake aiki a kansu duka kuma yana taimakawa ƙwarai.

To ga nawa ra'ayin. In akwatinka babba ne kuma akwai waya mai baki 6 da alimantasiyon ta kirki wajen wat 400, ɗauki GTX 1060 mai jiga 6, ko da ya ɗan fi 580 tsada, shi ne ya haɗa ƙarfi da sanyi kuma shi ya dace da yanayinmu. In siririyar kwamfutar buro ce 1650 ne naka, kar ka ji kunyar ƙanƙantarshi, FC da eFootball za su tafi sumul in ka daidaita saiti, kuma in ka tara kuɗin 580 da na sabuwar alimantasiyon da watakila na sabon akwati za ka ga arahar ta gudu. RX 580 ina ba da shi ne ga wanda ya riga yana da wat 500 mai kyau da akwati mai fankoki da ɗaki mai iska, shi kam jiga 8 ɗin za ta yi mishi rana. GTX 750 Ti na 2014 da wasu ke ta tallatawa, jiga 2 ne, ya yi zamaninshi, PES 2017 da GTA V a ƙaramin saiti ne iyakarshi.

Ko wanne ka zaɓa kar ka biya sai an soka shi an kunna a gabanka. Ka tafi da GPU-Z a kile, kyauta ne, zai nuna maka ainihin sunan injin da adadin memwar, yana ma rubuta FAKE a kan da yawa daga cikin na jabu. A buɗe wasa mai nauyi a bar shi kamar minti 20 kana kallon zafi, in ya haura digiri 85 ko ka ga ɗige-ɗige da layuka masu kala a ekaran ko ya yi baƙi ya dawo, ka ajiye musu kayansu. Ka sa ido kan fankokin ko duka suna juyawa ba ƙara, ka nemi garanti ko na sati guda ne a rubuce. In ka kawo shi gida a sa mishi sabon pat tarmik, man da ake shafawa tsakanin injin da ƙarfen sanyaya, a hure ƙurar, ram ɗin nan kuma ka ƙara ta zuwa jiga 16 in hali ya samu don FC 24 yana cin ta sosai. Ka turo hoton takardar alimantasiyon ɗin da na cikin akwatin, in na gani zan faɗa maka wanda zai shiga.