STARD 2015: takarda mai amfani, amma a buɗe ta tun kafin a fara bincike

Masu bincike kan gwajin gano cuta, wato ka ɗauko sabon gwaji ka auna shi da wanda aka riga aka yarda da shi ka ga ko gaskiya yake faɗa, don Allah ku sauke takardar STARD 2015, wato jerin tambayoyin da ya kamata rahoton irin wannan bincike ya amsa, tun kafin ku ɗebi jinin kowa. Kyauta ce, tana shafin EQUATOR Network mai tattara ƙa'idojin rubuta rahoton binciken lafiya, ba ruwanka da biyan kuɗi. Su Patrick Bossuyt na Jami'ar Amsterdam ne suka fara fitar da ita a 2003 da tambayoyi 25, a 2015 aka sabunta ta ta koma 30, ta fito a mujallun BMJ da Radiology da Clinical Chemistry.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta barin mutum ya ɓuya bayan lamba. Kowa ya iya rubuta wai gwajinmu ya kamo kashi casa'in da wani abu na masu cutar, to amma su waye aka gwada? Lamba ta 9 tana tambaya ko marasa lafiyan a jere aka ɗauke su yadda suke zuwa, ko kuwa tsinto waɗanda suka fi sauƙin samu aka yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne fa, domin idan ka haɗa waɗanda ciwo ya riga ya kwantar da su da mutane lafiyayyu garau, kusan kowane gwaji zai yi kyau, alhali likita a ɗakin duba marasa lafiya masu ɗan zazzaɓi da kasala yake gani, waɗanda ba a san inda suka dosa ba. Tun 1999 binciken Lijmer da abokansa a mujallar JAMA ya nuna irin wannan zaɓen yana kumbura sakamako sosai.

Ɗauki gwajin maleriya na gaggawa da ake aunawa da madubin likita. Layin da ke nuna akwai cutar ya fito dishi-dishi a jikin gwajin, ma'aikacin lab ya ɗaga shi sama ya juya a haske ya kasa cewa akwai ko babu. Ina irin wannan yake shiga a lissafi? Takardu da yawa shiru suke yi, kawai ka ga an fara da mutum kaza an ƙare da ƙasa da haka ba bayani. Lamba ta 15 ta ce sai ka faɗi yadda ka yi da su, ta 19 kuma ta nemi zanen da ke nuna kowa daga shigarsa har fitarsa, ta 23 ta ce ka kawo teburin nan mai gida huɗu da ke jera sakamakon sabon gwajin da na wanda aka yarda da shi, yadda mai karatu zai sake lissafin da kansa. Sannan ta 13, shin mai duba madubin ya riga ya san abin da gwajin farko ya nuna? In ya sani ai ido yana ganin abin da zuciya ta sa rai.

Inda take da rauni kuma sai an faɗa. Ba ta gyara binciken da aka tsara shi a karkace, bayyana abin da ka yi kawai take sa ka yi, auna son kai a tsarin bincike kuwa aikin wata takarda ce daban, QUADAS-2 ta 2011, mutane na yawan rikita su. Kuma takardar ita kaɗai a dunƙule take, ɗalibi sabon shiga zai sha wuya sai ya haɗa da dogon bayanin da ya fito a BMJ Open a 2016, mai misali ƙarƙashin kowace lamba. Abin da ya fi ci min rai shi ne mujallu da yawa suna cewa a turo ta amma ba mai dubawa, marubuci ya cike lambar shafin da ya amsa kowace tambaya ranar turawa shi ke nan, ga shi kuma bitar da su Korevaar suka yi a 2014 ta gano cigaban da aka samu bayan fitowar STARD bai kai tambaya biyu cikin 25 ba.

Ni dai tauraro huɗu cikin biyar na ba ta. Masu tura taƙaitaccen bayani zuwa taro kuma akwai ƙaramarta ta 2017, STARD for Abstracts, tambayoyi 11 ne kacal, ita ma tana shafin.