Baƙar ko mai ƙyallin? Liyari biyu daga adakar kaka

Hajiya, na ga hotunan. Kin ce kwandalolin azurfa biyu kika tarar a adakar kakarki, ɗaya ta yi baƙi-baƙi, ɗayar kuma an taɓa kai wa maƙeri ya goge ta har tana ɗaukar ido, kina son sanin wacce ta fi daraja a wurin masu tara tsofaffin kuɗi. Baƙar ce. Amma bari in ajiye miki su gefe da gefe, don mai ƙyallin ma akwai inda ta fi.

Duka biyun kuɗin Mariya Tereza ne, sarauniyar Ostiriya, wanda tsofaffinmu ke kira liyari. Ga ta nan da mayafin takaba, a bayan kuma gaggafa mai kai biyu da shekarar 1780. Kada shekarar nan ta ruɗe ki. Ita ce shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma tun daga lokacin aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba a canja ba, a Biyana, a Rum, a Landan, a Faris, har a Bombay. Har gobe ana buga shi a Ostiriya. Fatake ne suka ratso Sahara da shi zuwa kasuwanninmu, daga baya ya koma kayan adon mata. Don haka ba tsufa za mu auna ba, lafiyar jikin kowacce za mu duba.

Ma'aunin lafiyar kwandala da aka fi amfani da shi yana tafiya daga 1 zuwa 70. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. Wadda ta suɗe har rubutu ya fara ɓacewa tana wajen 4. Wadda ta sha hannu amma zanen na nan tana tsakanin 20 da 35, ana rubuta mata VF, gajeren sunan wannan mataki a Turance. Daga 40 zuwa 45 XF ke nan, wadda ta ɗan suɗe kaɗan, 50 zuwa 58 AU, wadda ta kusa zama sabuwa, sai 60 zuwa sama, MS, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba.

To, mu fara da suɗewa. Ba tsakiyar fili ake kallo ba, wuraren da suka fi tudu ake kallo, don su yatsa ke fara ci: gashin da ke saman kunnen sarauniya, kuncinta, ƙananan duwatsun maɓallin da ke kafaɗarta, sai kambi da gashin fikafikan gaggafa a baya. A baƙar, gashin saman kunne ya baje, duwatsun maɓallin sun fara haɗewa da juna, amma kowane harafi yana nan daram, har S.F. ɗin da ke ƙasan kafaɗa, wato haruffan farko na sunayen jami'an gidan buga kuɗin. Ni zan sa ta wajen VF 30. A mai ƙyallin kuwa ana iya ƙirga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, silin gashi ma bai ɓace ba. Ta wannan fuska ta kai XF. Nan ta yi wa 'yar'uwarta zarra, ba gardama.

Sai fatar jiki, kuma a nan ne lissafin ya juye. Kwandala sabuwa tana da wani sheƙi da take fitowa da shi daga injin bugu. Idan kika karkata ta a gaban fitila ɗaya, hasken zai riƙa zagayawa a fuskarta kamar sandunan ƙafar keke. Wannan sheƙi a saman fata kawai yake, siriri ne ƙwarai, kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Abin da maƙeri ya yi shi ne kankare wannan fata. Hasken da kike gani yanzu na cokali ne da aka sha gogewa, ko'ina iri ɗaya, ba ya motsi. Ki kashe wutar ɗaki, ki haska tocilar waya daga gefe, ki juya ta a hankali. Za ki ga siraran karce a jere, duk sun nufi gefe guda, musamman a filin da ke gaban fuskar sarauniya. A hoto na uku ma na hango su. Kamfanonin da ke tantance kwandala su rufe ta a roba, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, ba sa ba kwandalar da aka goge lamba. Sai dai su rubuta cewa zanenta ya kai XF amma an goge ta, kuma wannan kalma ɗaya tana karya farashi.

Baƙin da ke jikin ɗayar ba datti ba ne. Azurfa ce ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska, shekara da shekaru, ta canja launi. Ki lura ya fi duhu a lungunan haruffa, ya yi haske a kan tudu inda hannu ke taɓawa. Haka ake so. Masu saye suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa ba wanda ya taɓa goge ta. Ni kaina na taɓa ɓata guda da toka da ruwan tsamiya, ina murna ta fito fes, sai da na kai ta sayarwa aka ce mini kuɗin nauyin azurfa kawai za a biya. Don Allah ko man goge baki kada ya kusance ta.

Akwai kuma abin da ya fi gugar damuna. A gefen mai ƙyallin, daidai saman kan sarauniya, na ga wuri ya ɗan lotsa, launinsa ya bambanta. Da alama an taɓa liƙa mata kunne don a rataya a sarƙa, daga baya aka cire aka goge wurin. Gefen liyari yana da rubutun Latin, IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da rangwame, da ƙananan ado a tsakani. In rubutun ya yanke a wannan wuri, to aibi biyu ke nan a kanta. Gefen baƙar kuwa, iya abin da na gani, lafiya lau.

Game da kuɗi, kada ki sa rai da yawa. An buga ɗaruruwan miliyoyin wannan kwandala, shi ya sa yawancinsu farashinsu bai yi nisa da na azurfar da ke ciki ba. Baƙar za ta iya samun ɗan ƙari, mai ƙyallin kuwa nauyi za a bi. Kuɗin aika su waje a tantance zai iya cinye ribar gaba ɗaya.

Kafin komai ki kai su wurin mai sayar da zinari ya ɗora a sikelinsa. Ta gaske giram 28 ne da ɗan ɗigo, kashi 833 cikin 1000 azurfa, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Suɗewa na iya rage ɗan kaɗan, amma in kika ga 25 ko ƙasa, akwai magana. Ki riƙe su ta gefe, kowacce a takardarta daban don kada su gogi juna, sannan ki turo mini hoton wurin nan da ke saman kai, daga kusa.