Kantin maganin da ake karanta takardar likita kafin a karɓi kuɗi

A Birnin Kebbi, kamar sauran manyan garuruwanmu, duk inda babban asibiti yake za ka tarar da kantunan magani sun jeru a kusa da ƙofarsa, domin sau da yawa mai jinya yakan fito da takarda a hannu bayan an gaya masa cewa babu maganin a ciki, sai ya nema a waje. A kan ɗaya daga cikin waɗannan kantuna nake son yin sharhi. A nan nake sayen maganin hawan jini na mahaifiyata, a nan kuma nake sayen na yara idan damina ta zo da zazzaɓi, saboda haka na daɗe ina lura da yadda ake gudanar da shi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma ƙorafin ya shafi al'adar da ta fi ƙarfin kanti ɗaya.

Wurin famasi ne mai rajista, ba kemis ba ne irin na cikin unguwa. Takardar lasisin hukumar PCN mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna tana rataye a bango inda kowa zai gani, kuma mai kantin, wadda kowa yake kira Hajiya, ta karanci wannan fanni a jami'a. Bambancin yana da muhimmanci, domin lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da magungunan da sai da takardar likita ake bayarwa ba. Firijinsu yana aiki da sola, kuma a cikinsa ake ajiye insulin da alluran da ba sa son zafi. A garin da zafin watan Maris da Afrilu yake haura maki 40, alhali a jikin kwalin yawancin ƙwayoyi an rubuta cewa kada a ajiye su a inda ya wuce maki 30, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Suna ba da rasit ba tare da an roƙa ba, suna kuma nuna wa mai saye ranar da wa'adin maganin zai ƙare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Hajiya take karɓar takardar likita. Ba ta miƙa wa yaro ta ce ya ɗauko, sai ta karanta tukuna. Kowane magani yana da sunan sinadarin da yake yin aikin a jiki, yana kuma da sunan da kamfanin da ya sarrafa shi ya laƙaba masa domin kasuwa. Amlodipine, alal misali, sinadari ɗaya ne na hawan jini, amma kamfanoni da yawa a Najeriya da Indiya da Turai suna yin sa, kowa da sunansa da kalar kwalinsa, farashinsu kuma ya yi nisa da juna. Idan likita ya rubuta sunan sinadarin, marar lafiya yana da zaɓi gwargwadon aljihunsa. Idan kuwa ya rubuta sunan kamfani, mutumin da bai sani ba zai ɗauka wannan kwalin kaɗai ne zai warkar da shi.

Na ga wannan da idona a kan wani dattijo da ya zo daga wajen Kalgo. An faɗa masa kuɗin abin da aka rubuta, ya kwance bakin aljihu ya ƙirga abin da ke ciki, ya sake ƙirgawa, sannan ya ce a ba shi rabi, sauran sai ya sayar da shinkafa. Hajiya ta ɗauko kwali biyu ta ajiye a gabansa, ta juya bayansu, ta ɗora yatsa a kan ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna.

"Baba, duba nan," in ji ta. "Abin da ke cikin wannan shi ne ke cikin wancan, ƙarfinsu ɗaya, kuma dukansu suna da lambar NAFDAC. Kuɗin da ke hannunka zai saya maka na wata guda cif idan ka ɗauki wannan."

Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗiyata, ai araha ba ta ado. In da daidai suke, don mi likita bai rubuta mai sauƙin ba?"

Hajiya ba ta aibata likitan ba. Ta ɗauki waya ta kira shi a gabanmu, ta gaishe shi da girmamawa, ta ce, "Dakta, Baban da ka rubuta wa maganin hawan jini yana nan, kuɗinsa bai kai ba, in ka amince zan ba shi na wani kamfanin." Likitan ya amince nan take. Dattijon ya tafi da maganin wata guda da ɗan canji na mota.

Tambayar da ya yi ita ce ta dace kowane mai saye ya yi, kuma wani ɓangare na amsarta yana wurin wakilan kamfanonin magani. Duk wanda ya taɓa zaman jira a asibiti ya san su: samari da 'yan mata cikin shiga mai tsabta, da jaka a hannu, suna jiran likita ya sallami marar lafiya su shiga. Aikinsu halal ne a doka, kuma sukan kawo bayanin sabon magani wanda likitan da aiki ya yi wa yawa ba zai samu lokacin nemowa ba. Sai dai ba bayani kaɗai suke kawowa ba. Akwai biro da kalanda da agogon bango, akwai takardun rubuta magani da aka buga sunan hajarsu a kai, akwai samfur na kyauta, akwai abincin rana a taron ƙara wa juna sani, wani lokaci har da ɗaukar nauyin tafiya taro a Abuja ko Legas. Shi wakilin an ɗora masa adadin cinikin da zai kawo, kuma a kan wannan ake auna ƙwazonsa. Kamfanin kasuwanci ba ya kashe kuɗi a inda ba ya tsammanin za su dawo, kuma daga aljihun wanda ya sayi kwalin suke dawowa.

Likitoci da yawa za su ce biro ko farantin shinkafa ba zai juya musu tunani ba, kuma na yarda da gaske suke faɗa. Amma an auna wannan a inda ake ajiye lissafi. A Amurka, dokar da aka kafa a 2010 ta tilasta wa kamfanonin magani su bayyana abin da suke ba likitoci, kuma tun 2014 kowa yana iya shiga intanet ya duba sunan likitansa ya ga abin da ya karɓa. Da masu bincike suka haɗa wannan lissafi da takardun maganin da likitocin suka rubuta, sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa likitocin da aka saya wa abinci sau ɗaya tak, wanda yawanci bai kai dala 20 ba, sun fi takwarorinsu rubuta maganin kamfanin da ya ciyar da su. Ba sai mutum ya yi niyyar cin amana ba; sunan da aka fi maimaita masa, daga bakin wanda ya kyautata masa, shi ne yake fara zuwa bakin alƙalaminsa. A inda abin ya wuce kyauta kuwa, an ga hukunci. A 2014 wata kotu a ƙasar Sin ta ci kamfanin GlaxoSmithKline tarar yuan biliyan 3 saboda ba likitoci cin hanci, bayan a 2012 ya biya dala biliyan 3 a Amurka kan laifuffukan da suka haɗa da tallata magunguna ta hanyar da doka ta hana. Mu ma nan Arewa mun ga inda matsin lambar ciniki yake kaiwa, lokacin da binciken BBC na 2018 ya nuna yadda maganin tari mai kodin yake fita ta bayan fage zuwa hannun matasa, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi.

Duk da haka, adalci ne a ce ba kowane likitan da ya rubuta sunan kamfani ne aka yi wa kyauta ba. Wasu tsoron jabu ne yake sa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ake samu a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci, kuma likitan da ya taɓa ganin marar lafiyarsa ya sha ƙwaya ba ta yi aiki ba zai manne wa kamfanin da ya amince da shi. A nan ne na fi ganin ƙimar wannan kanti, domin Hajiya ba ta ɗauki araha a matsayin hujja ita kaɗai ba. Tana duba lambar rajista, tana sa mai saye ya kankare lambar da ke jikin kwalin maganin zazzaɓi ya aika ta waya ya tabbatar da ingancinsa, kuma akwai magungunan da ba ta yarda a sauya musu kamfani ko da an roƙe ta, kamar na farfaɗiya da na tsinka jini, saboda ɗan bambanci kaɗan a cikinsu yana iya yin illa. Na ji ta gaya wa wata mata cewa ɗanta ya ci gaba da wanda ya saba da shi, ko da ya fi tsada, har sai likitansa ya ce a canza.

Wannan aiki ya fi nauyi a jiharmu fiye da wurare da yawa. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da cutar, adadin da ya fi na kowace jiha. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Da GlaxoSmithKline ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Najeriya, ga kuma faɗuwar darajar naira, farashin Augmentin da abin shaƙar masu asma na Ventolin ya yi tashin gwauron zabo. A lokacin na ji Hajiya tana bayyana wa mutane cewa amoxicillin da clavulanic acid ne a cikin na farko, salbutamol ne a cikin na biyu, kuma akwai wasu kamfanoni masu rajista da suke yin su. Wanda bai samu irin wannan bayani ba rabin magani yake saya, ya sha na kwana biyu ya ajiye, kuma ta haka ne ƙwayoyin cuta suke koyon bijire wa magani.

Ƙorafina na farko shi ne cewa wakilan da suke zuwa wurin likitoci suna shigowa nan ma. Agogon da ke bangon kantin da kalandar da ke bayan kanta duk na kamfanoni ne, kuma a daidai inda ake biyan kuɗi an jera kwalaben maganin ƙarin jini da na ƙarin kuzari. Idan Hajiya ba ta nan, musamman bayan La'asar, yaran kanti sukan tura wa mutum irin waɗannan kwalabe ba tare da ya tambaya ba. An taɓa ce mini in haɗa wa mahaifiyata da ɗaya, alhali babu gwajin da ya nuna jininta ya yi ƙasa, kuma babu shi a takardar likita. Kanti yana samun rangwame ko ƙarin kwalaye idan ya sayar da hajar wani kamfani da yawa, don haka mai kanti ma yana da tasa maslahar kamar yadda likita yake da ita. Idan Hajiya ta ajiye kwali biyu a gaban mutum, ya kamata ta riƙa faɗa masa idan akwai na uku da ba ta ajiye ba.

Na biyu ya fi damuna. Na ga yaran nan sun sayar wa wani matashi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takarda ba, don kawai ya ce mura yake yi, alhali mura ba ta jin irin wannan magani. Abin da Hajiya take ginawa da safe bai kamata a bari a rushe shi da yamma ba, kuma gyaran a hannunta yake: ko ta ɗauki wani ƙwararre ya riƙa zama idan ta tashi, ko ta kulle wannan rukunin magunguna ta tafi da mabuɗin. Haka kuma babu wani lungu da aka keɓe domin magana ta sirri, sai mace ta faɗi larurarta a gaban layin maza, wanda hakan yana sa wasu su haɗiye tambayarsu su tafi. Labule da kujera biyu sun isa su magance wannan.

Ta fuskar farashi, ba su ne mafi araha a garin ba. Akwai inda za a samu kati ɗaya na ƙwaya da ɗan sauƙi, amma ni na gwammace in ƙara kaɗan in san inda aka ajiye maganin da kuma wanda ya karanta takardar. Ina ba masu ciwon da ake shan magani kullum, irin su hawan jini da ciwon suga da asma, shawarar su gwada wurin, haka ma masu zuwa daga Jega ko Argungu ko Bunza da kuɗi ƙididdigagge. A je da safe ko kafin Azahar lokacin da Hajiya take kan kanta, a tafi da takardar likita da tsohon kwalin da ake sha, a nemi a nuna sunan sinadarin da ke ciki da farashin kamfanoni biyu ko uku. Tun a ɗakin likita ma mutum yana da damar ya ce, "Dakta, don Allah a rubuta mini sunan maganin kansa," domin manufar magunguna ta ƙasa ita ma haka ta buƙaci a riƙa yi. Ranar Juma'a suna rufewa lokacin salla, kuma ranar Litinin layin yakan kai har bakin ƙofa.