Buron da ya haɗa min takardun tahiya Abijan

Ni tela ne a Zariya, na yanke shawarar kwashe kekena in koma Abijan in buɗe shagon kaina, sai wani abokina ya nuna min wani ƙaramin buro kusa da babbar kasuwa. Gaskiya mai buron ya san aikinshi, bai yi min ƙaryar wai aiki na jirana can ba, ya ce Malam hara da katin allurar ciwon shawara tukuna, sannan ya zauna ya duba fasfona da takardar haihuwa shahi-shahi har ya gano sunana ya sha bamban da harafi ɗaya. Da a kan iyaka aka gani fa? Abin da ya ɓata min rai jira ne, benci ɗaya, fanka ba ta aiki. Amma kuɗɗina ba su tahi banza ba wallahi.